Kafin mu ari ginin Faransawa, mu tambayi yadda suke zama a cikinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan rukunonin gidajen da ake ta zuba mana a Kaduna, daga Millennium City har hanyar Rigachikun, waɗanda dillalai ke tallatawa da sunan ginin Turai. Duk wanda ya bi ta wuraren ya gan su. Gida ɗaya aka zana aka yi ta maimaita shi, da dogon rufi mai tsini irin na ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba, da faffaɗan falo da kicin manne a jikinsa. Ba zaure, ba tsakar gida, ba inda mace za ta girka tukunyar suna.

Turai ba ƙasa ɗaya ba ce, kuma ni ban san ko'ina a cikinta ba sai Faransa. Abin da na gani a can shi ne Bafaranshe ba ya gini don ya burge kowa. Yadda yake cin abinci, da wanda ya yarda ya shigo masa gida, da yadda ake raba gadonsa, su ne ke zana masa gida. Mu kuma sai mu ɗauko siffar mu bar dalilin a can.

Na yi aiki a kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda duk Kaduna ke ce wa Fijo, tun 'yan shekaru bayan an fara haɗa mota a can a 1975 har na ajiye aiki. A farkon shekarun 1980 aka tura wasunmu kwas a Sochaux, uwar masana'antar kamfanin, a gabashin Faransa kusa da iyakar Switzerland. Ma'aikatanta a lokacin sun haura 30,000. Aka sauke mu a garin Montbéliard da ke maƙwabtaka, a wata unguwar dogayen benaye da ake kira Petite Hollande. Maƙwabtanmu 'yan Maroko ne da Aljeriya da Turkiyya da Portugal, sai Faransawa jefi-jefi. Gidajen ba su da laifi a ido. Ga ruwan zafi a famfo, ga na'urar ɗumama ɗaki, ga ta hawa bene, abubuwan da iyayen yawancinsu ba su taɓa samu a ƙauye ba. Amma in an zauna cin abincin rana a masana'anta, hirar Faransawan ba ta wuce uku: wane ya sami fuloti a ƙauye kaza, banki ya ba wane bashi, wane ya gama zuba harsashi. Duk Bafaranshen da ke cikin benayen nan zaman jiran tashi yake yi.

Dattijon da ke koya mini aiki a sashen injin ya daɗe da tashi. Sai da muka yi watanni tare, kullum kafaɗa da kafaɗa, kafin ya ce in zo gidansa ranar Lahadi. Da na faɗa wa sauran abokan aiki sai suka ce lallai na shiga ransa, don akwai waɗanda suka shekara goma da shi ba su taɓa ganin cikin gidansa ba. Na yi mamaki ƙwarai, ni da na fito daga garin da za ka haɗu da mutum a tashar Kawo da safe, da dare yana cin tuwo a gidanka.

Gidan yana wani ƙauye, tafiyar 'yan mintoci a mota. Filin bai fi fulotinmu na ƙafa 50 da 100 da wani abin kirki ba. An kewaye shi da shingen wasu itatuwa masu duhun ganye, an aske su daidai wa daida, sun fi mutum tsawo. Ƙofar ƙarfe ce da ƙararrawa, da kare a bayanta. Kowace taga tana da marfin katako ta waje, wanda ake rufewa da zarar magariba ta yi, ko hasken fitila ba ka gani daga titi. A bayan gida kuwa gona ce sosai: dankalin Turawa, kabeji, tumatir, albasa mai ganye, da kejin zomaye a jikin bango. Ya sauka da ni wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ya jibge itacen hunturu da kwalaben 'ya'yan itacen da matarsa ta dafa da sukari ta ajiye, da na giyarsu a gefe. Ya ce rabin gidan da hannunsa ya gina, Asabar da Lahadi, shi da surukinsa.

Wurin zaman falon ɗan ƙarami ne. Abin da ya cinye ɗakin shi ne teburin cin abinci, na katako mai nauyi, mai ɗaukar mutum goma sha biyu, wanda matar ta gada daga kakarta. Tun kafin ranar ta aiko a tambaye ni abin da ba na ci, ta dafa kifi. Mun zauna da tsakar rana, ana kawo wannan a ɗauke a kawo wancan, ana hira, har sai da na nemi inda zan yi sallah don la'asar na neman wucewa. Daga baya, a 2010, da na ji hukumar UNESCO ta sa zaman cin abincin Faransawa cikin al'adun duniya da ake karewa, ban yi mamaki ba. Wanda ke shafe awanni a kan tebur dole ya ba tebur ɗaki mafi girma. Saman benen kuwa, inda ɗakunan kwana suke, ba a nuna mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ba a rubuta "ba shiga" ba, amma Bahaushe ya san wurin in ya gan shi.

Wani abu ƙarami da ya ba ni wahala shi ne makewayi. Faransawa sun fi son masai a ɗan ɗakinsa shi kaɗai, wurin wanka kuma daban, don kada mai wanka ya tsare mai uzuri. Dabara ce mai kyau, sai dai ɗakin ba famfo ba buta. Daga ranar ban ƙara fita ba sai da 'yar gora a aljihun kwat. Na kawo wannan ne don masu zana mana gidaje a yau suna cusa masai a kowane ɗakin kwana, wani ma yana fuskantar alƙibla, amma ba sa barin wurin alwala ko guda a gidan da ake alwala sau biyar a yini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bangon gidan na ɓangaren maƙwabci. Babu taga a jikinsa, sai wani ɗan gilashi mai hazo can sama wanda ba ya buɗewa. Na tambayi dalili, ya ce doka ce. Kundin dokokin zaman jama'a da aka yi a 1804, zamanin Napoleon, ya ba kowane mai fili 'yancin kewaye filinsa. Ya kuma hana ka buɗe tagar da ke kallon filin maƙwabci kai tsaye in tazarar ba ta kai mita 1.9 ba, ko santimita 60 in kallon a kaikaice ne. Ko itace ba a dasawa yadda aka ga dama: wanda zai wuce mita 2 a tsawo sai ya bar mita 2 tsakaninsa da iyaka. Suna da karin magana cewa mai son jin daɗin zaman duniya ya ɓoye kansa, kuma ba a baki suka bar ta ba. Shi ya sa unguwar Faransawa ba ta kama da ta Amurkawa da muke gani a talabijin, inda ciyawar wannan ke haɗe da ta wancan ba shinge.

To mu fa? A unguwarmu wani bawan Allah ya sayi gidan da ke bayan nawa, ya rushe, ya tayar da bene hawa biyu na haya, tagoginsa duka suna leƙen tsakar gidana. Yau matan gidana sai sun sa hijabi kafin su fito wanke-wanke a cikin gidansu. Mun je wurin mai unguwa, aka ce a yi haƙuri, maƙwabtaka ce. Ƙarshenta kwano na sayo na ƙara a kan katanga, iska ta daina shigowa. Abin haushin shi ne ba Faransawa suka fara wannan hukunci ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure sun hana buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci. Su sun auna nasu da mita sun sa a kundi, alƙali na iya sa a toshe tagar. Mu namu ya tsaya a wurin karatu.

A son katanga da sirri, Bahaushe da Bafaranshe kusan ɗaya suke. Inda muka rabu shi ne baƙo. Bafaranshe ba ya buƙatar zaure don yana da gidan shan kofi a bakin titi. Can yake haɗuwa da abokai, can ake ciniki, can ake musun siyasa da ƙwallo, in an gama kowa ya kama gabansa. Gida na iyali ne da wanda aka gayyata, da rana da lokaci. Bahaushe kuwa zaurensa ne majalisarsa. Nan almajiri ke tsayawa, nan ake ɗaura aure, nan ake zaman makoki, nan malam ke ba da karatu, nan baƙon da dare ya yi wa ke shimfiɗa tabarma ba tare da ya ga ko inuwar matar gida ba. In ka cire zaure daga gidansa, baƙin ba za su daina zuwa ba. Falo za su cika, kuma tunda hanyar kicin ta cikin falon ta bi, sai uwargida ta zama fursuna a ɗakin kwana har su tashi. Na san gidaje a sababbin rukunonin nan da aka mayar da ɗakin maigadi zaure, da waɗanda aka jera benci a ƙofar get, da waɗanda in suna ya zo sai a tare titi da rumfa, a kafa murhu a bakin kwata.

Ga kuma yawan mutane. Gidan Faransa a matsakaici bai fi mutum biyu da ɗan ɗoriya ba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar mutum ɗaya ne tal a ciki. Auren mace fiye da ɗaya laifi ne a dokarsu. Tsoho in ƙarfi ya ƙare, sau da yawa gidan kula da tsofaffi ake kai shi. Gida mai ɗakin kwana uku ya ishi irin wannan iyali har da saura. Namu fa? Mata biyu kowacce da ranar girkinta, ga Hajiya da ba za a bari a ƙauye ba, ga ƙannen miji da ke karatu a Poly, ga 'yar riƙo, ga kawun da ya zo asibitin ido na Mando zai yi mako ya yi wata. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mai karatu zai ce daga ina Bafaranshe ya samo wannan son fili da 'yar gona? Jinin noma ne. Ingila ta zama ƙasar birane tun 1851, amma Faransa sai a 1931 mazauna birni suka fi na ƙauye yawa. Juyin juya halin 1789 ya ƙwace filayen coci da na masu sarautar da suka gudu ya sayar, ya kuma rubuta a takardar 'yancin ɗan Adam cewa dukiyar mutum abu ne mai alfarma da ba a taɓawa. Masu masana'antu sun gane wannan tun da wuri. A Mulhouse, ba nisa da inda muka zauna, masu masaƙu suka fara gina wa ma'aikata ƙananan gidaje a 1853, kowanne da lambunsa, kana biya a hankali har ya zama naka. Lissafinsu shi ne mai lambu da bashi ba ya yini a mashaya, ba ya kuma saurin shiga yajin aiki. A 1928 dokar da ake kira da sunan minista Loucheur ta ba talaka rance mai sauƙi ya gina ɗan gidansa, ƙananan gidaje suka cika kewayen Paris. A yau kimanin kashi 57 cikin 100 na iyalan Faransa a gidan kansu suke, kuma kusan gida ɗaya cikin goma a ƙasar na hutu ne, ba a zama sai a lokacin zafi ko ƙarshen mako. Da yawa gidajen kakanni ne a ƙauye da aka ƙi sayarwa. Wannan kam ba sai an yi wa ma'aikacin Kaduna bayani ba, shi da ya gina gida a Ikara ko Birnin Gwari yana zuwa sallah sallah.

Gadonsu ma akwai kama da namu ta wata fuska. Bafaranshe ba ya iya hana ɗansa gado. In ɗa ɗaya ne, rabin dukiya nasa ne dole. In biyu ne, kashi biyu cikin uku. In uku ne ko fiye, uku cikin huɗu. Abin da ya rage kawai yake iya yin wasiyya da shi, kamar yadda mu ma ba ma wuce sulusi. Sai dai su mace da namiji daidai suke ɗauka. Kuma ba a tilasta wa magaji zama cikin tarayya, in ɗaya ya ce a raba sai a raba, abin da ke cinye gidajen gado a can kamar yadda yake cinye su a Tudun Wada. Suna da wani ciniki kuma da ba na jin malamanmu za su sa masa hannu, don garari ne tsantsa, wato cinikin da ba a san nawa za a biya a ƙarshe ba. Tsoho ya sayar da gidansa amma ya ci gaba da zama a ciki, mai saye yana biyansa duk wata har ya mutu. A 1965 wata tsohuwa 'yar shekara 90 a garin Arles, Jeanne Calment, ta yi irin wannan ciniki da wani lauya ɗan shekara 47, a kan faran 2,500 duk wata. Lauyan ya yi ta biya shekara talatin har ya mutu a 1995, matarsa ta ɗora. Tsohuwa ba ta cika ba sai 1997, tana da shekara 122. Abin dariya ne, amma dubi abin da ke ƙarƙashinsa: gara mata ta sayar da gidan tana ciki da ta koma hannun wani.

Yanzu ga inda nake so hukumominmu su buɗe kunne. Gwamnatin Faransa ta taɓa gwada gina wa mutane abin da injiniyoyi ke so maimakon abin da mutanen ke so. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasar ta shiga matsanancin ƙarancin gidaje. A hunturun 1954 wata mata ta daskare ta mutu a titin Paris riƙe da takardar korarta daga gidan haya, wani limamin coci, Abbé Pierre, ya yi kira a rediyo ranar 1 ga Fabrairu, ƙasa ta girgiza. (Sunan mutumin ya ɓaci bayan mutuwarsa saboda munanan zarge-zargen da aka bankaɗo, amma wannan wata magana ce.) Sai aka shiga gina dogayen benaye a bayan gari, da sauri kuma da araha. A Sarcelles kaɗai, arewa da Paris, an yi gidaje fiye da 12,000 daga 1955. Da farko murna aka yi. Ba a jima ba jaridu suka fara rubutu kan ƙuncin matan da ke yini su kaɗai a hawa na goma, ba kasuwa kusa, ba gidan kofi, ba dangi. A 1973 minista Olivier Guichard ya ba da umarnin a daina irin wannan gini. A 1977 aka juya tallafi zuwa ga mai son sayen gidan kansa, duk mai hali ya kwashe kayansa ya nufi fuloti da shinge.

Wa aka bari a benayen? Waɗanda ba su da zaɓi, yawancinsu baƙi daga arewaci da yammacin Afirka, masu manyan iyalai, a gidajen da aka auna wa uba da uwa da 'ya'ya biyu. Waɗanda ko wannan ba su samu ba suka cunkusu a tsofaffin gine-gine. A watan Agustan 2005 gobara ta tashi a wani irinsu a titin Vincent-Auriol na Paris, ta kashe mutum 17, 14 daga ciki yara ne, 'ya'yan 'yan Afirka ta Yamma. Bayan wata biyu tarzoma ta ɓarke daga Clichy-sous-Bois, wani gari a gefen Paris, ta bazu a unguwannin benaye na ƙasar duka. Ba gini kaɗai ya jawo ta ba, akwai rashin aiki da wariya da halin 'yan sanda, amma tara talakawa wuri guda nesa da gari ya taimaka. Tun a 2000 suka yi dokar da ta tilasta wa garuruwa masu girma su mayar da kashi 20 cikin 100 na gidajensu na masu ƙaramin ƙarfi, aka ɗaga zuwa 25 a 2013. Wasu garuruwan masu kuɗi har gobe sun gwammace su biya tara. Mu da kogin Kaduna ya riga ya raba mu gida biyu tun rikicin 2000, bai kamata mu ƙara wata rabuwar ta mai shi da marar shi a kai ba.

Ba kowane Bafaranshe ke mafarkin ƙauye ba. Mai kuɗin Paris tsakiyar gari yake so, a tsohon bene, kusa da mai burodi. Yawancin benayen nan na farin dutse sun samo siffarsu ne daga aikin Haussmann, wanda ya sake fasalin birnin daga 1853 zuwa 1870. A da, kafin na'urar hawa, shago ne a ƙasa, attajiri a hawa na biyu mai baranda, ana hawa arziki na raguwa, har a kai ƙananan ɗakunan 'yan aiki a ƙarƙashin rufin kwano, da matakalarsu daban ta baya. A 2019 farashin murabba'in mita ɗaya a birnin ya haura yuro 10,000. Da aka gina dogon benen Montparnasse mai mita 210 a 1973, mutane suka tsane shi har aka kafa dokar hana wuce mita 37 a 1977. In gidanka na cikin mita 500 daga wani ginin tarihi, ko launin marfin taga ba ka canzawa sai da izini. A wurinsu tsufan gida daraja ce. A wurinmu gidan ƙasa mai azara da zanko abin kunya ne, sai a rushe a yi plaza. Turawan Ingila kuma sun bar mana nasu ɗanɗanon, cewa babban mutum can gefe yake zama a GRA, nesa da hayaniyar kasuwa.

Rufin kwanon nan na Paris da suke alfahari da shi yana da ranar ƙin dillanci. A zafin Agustan 2003 mutum kusan 15,000 suka mutu a Faransa, yawanci tsofaffi masu zaman kaɗaici, kuma na hawan ƙarshe sun fi shan wuya. Gini ne da aka yi don sanyi, zafi ya zo ya same shi. Mu da zafi ne abokin zamanmu, mun bar ginin da ke da sanyi a bazara mun koma bulo da kwano, sannan muka shafe tsakar gidan da iyali ke shimfiɗa tabarma a watan Afrilu in an ɗauke wuta.

Gidan fuloti ma ba kyauta ya zo musu ba. Wanda ya gina a ƙauye dole ya yi mota, sau da yawa biyu, don aiki da makaranta da kanti duk sun yi nisa. Da aka ƙara harajin mai, irin waɗannan mutanen ne suka fito da riguna ruwan ɗorawa ranar 17 ga Nuwamban 2018 suka tare shataletale a faɗin ƙasar. A 2021 ministar gidaje Emmanuelle Wargon ta ce tsarin gida da lambu a bayan gari ba shi da ma'ana ta fuskar muhalli da tattalin arziki, aka yi mata ca har sai da ta dawo tana gyara zance. Duk wanda ya gina a Maraban Jos ko bayan Rigasa yana aiki a cikin gari, ya san wannan lissafin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

In akwai abin da zan so mu kwaikwaya, to haya ce. Ɗana na karatu a Lyon, kuma kafin ya sami ɗaki sai da ya haɗa takardu kamar mai neman aiki, har da wanda zai tsaya masa in ya kasa biya, don masu gida kan nemi mai samun ninki uku na kuɗin hayar. Shiga ke da wuya. Dalili kuwa shi ne in ka shiga fitar da kai ya fi wuya. Wata-wata ake biya, ajiyar da ake karɓa a gidan da ba kaya a ciki ba ta wuce ta wata ɗaya ba, yarjejeniya ta shekara uku ce, kuma mai gida ba ya ƙin sabuntawa sai zai sayar, ko zai shiga da kansa ko wani nasa, ko yana da ƙwaƙƙwaran dalili, tare da sanarwar wata shida. Ɗakin da bai kai murabba'in mita 9 ba, a ƙa'ida ba a ba da shi haya. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ba a fitar da ɗan haya ko ana bin sa bashi, dokar da ta samo asali a 1956 bayan mutuwar matar nan da ta daskare a titin Paris. A Kaduna kuwa mai albashin wata ake nema ya kawo kuɗin shekara a dunƙule, da na dillali, da na lauya, kuma ana iya zubar masa da kaya waje a tsakiyar Agusta ruwa na zuba. 'Yan majalisarmu na jiha za su iya ba ɗan haya hutun damina ba tare da sun kashe ko kwabo ba.

Ga KASUPDA kuma, wadda ke sa hannu a zanen gini, roƙona ta fito da ƙa'idar tazarar taga a fili, da mita, ta yadda mai unguwa da alƙali za su sami abin riƙewa in bene ya leƙa gidan wani. Masu gina rukunoni su bar ɗaki a bakin ƙofa mai hanyarsa daban, su bar fili a tsakiya ko da falon zai ragu, su ba kicin ƙofar baya.

Kai kuma, Malam Edita, ga aikin da ba zai ci maka kuɗin jirgi ba. Ka tura wakilinka Malali Low Cost ko na Barnawa, inda aka gina gidaje iri ɗaya shekaru da dama da suka wuce. Ya bi layi ya ƙirga nawa ne suka rage yadda aka zana su. Ya yi sallama a gida goma, ya tambayi matan gidan, ba mazan ba, me aka fara rushewa da aka tare, me aka fara ƙarawa, kuma nawa aikin ya ci. Ku buga amsar da hotuna.

Na gode da fili. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin Fijo,
Tudun Wada, Kaduna.